Makon da Yaya ya yi azumi a bakin injin niƙa roba

Daga inda nake tsayawa ina ɗaure bokitai a kamfaninmu na roba da ke Sharada, bayan yayana kawai nake gani. Shi ne a kan injin niƙa. Duk bokitin da ya fito a karkace, duk buta mai huji, duk kujerar da ta karye, wajensa ake kaiwa, ya tura su bakin injin, su fito ta ƙasa kamar tsaki, a sake narkawa. A da injin yana da murfi, amma tun kafin mu zo aka cire, wai yana rage sauri. Akwai sandar turawa a jingine a gefe. Ba a taɓa ta sai ranar da baƙi suka zo duba kamfani.

Ƙwaya ta shigo masa ne ta obataim. Ka gama aikin safe, a ce wanda zai karɓe ka bai zo ba, ka zarce. Wani ya ba shi guda ɗaya ya ce gajiya za ta tafi, kuma ta tafi. Kafin mu ankara, Yaya ba ya iya fita da safe sai ya haɗiya. Ni na riga Mama sani, tunda tare muke hawa adaidaita daga Panshekara. Ita sai ranar wanki ta tsinci fankon a aljihun wandonsa. Ba ta yi faɗa ba. Ɗaki ta shiga ta durƙusa, ta daɗe ba ta fito ba.

Mu kiristoci ne, kuma cocinmu ƙarami ne, kowa ya san abin da kowa ya dafa. Cikin zafin nan na gab da Ista aka yi taron farkaswa, aka gayyato baƙon mai wa'azi. Ya ce duk wanda wani zunubi ya ɗaure ya fito gaba. Yaya ya fita. Aka ɗora masa hannu, ya yi kuka har rigarsa ta jiƙe. Ni ma na yi. Ba wasa ba ne, wani abu ya taɓa shi ranar, har gobe na yarda da wannan.

A wurinmu in Ubangiji ya yi maka abu ba ka shiru. Ranar Lahadi, lokacin shaida, kana tashi ka faɗa wa jama'a, a buga ganga. Yaya ya tashi, ya zaro ragowar ƙwayoyin daga aljihu ya zube a gaban bagadi.

"Ubangiji ya kuɓutar da ni," ya ce. "Ko sha'awarta ba na ji. Na zama sabon mutum."

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Mama ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Da yamma wani dattijon cocinmu ya zo gida. Tsohon direban tirela ne, a Dakata ya yi ta lodi kafin ya ajiye sitiyari, kuma abokin marigayi babanmu ne. Kowa ya san ya taɓa zama mashayin giya, shi da kansa yake faɗa. Ya zauna a kan benci, ya sha ruwa, ya ce ya yi murna. Sannan ya dubi Yaya.

"Ɗana, gobe ka je wajen oganku ka ce a sauke ka daga injin nan na ɗan lokaci. Jibi ni zan raka ka asibiti. Jikin da ya saba da abin nan ba ya sakin sa da daɗi."

Mama ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Dattijo, yau fa ya ba da shaida. Asibitin me? Aikin Ubangiji rabi yake yi, sai likita ya ƙarasa?"

"Ba rabi yake yi ba, Maman yara. Ni ma a gaban bagadi na tuba. Zuciyar nan Shi ya juya ta, ban da ikon juya ta da kaina. Amma washegari maƙogwarona bai san na tuba ba. Sai da na daina kwana a tashar da na saba, na daina zama da mutanen da na saba. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. A hankali aka canza ni."

"To ku kenan. Shi nasa lokaci ɗaya aka yi."

"Allah ya sa. Amma ni tirela na tuƙa, tana da birki. Abin da yake tsaye a gabansa fa?"

Yaya ya yi murmushi, cikin ladabi ya ce, "Baba, in na je na ce a sauke ni, me na faɗa wa jama'a ɗazu kenan?"

Dattijo ya yi mana addu'a gajeriya, ya tafi.

Kwanakin farko lafiya lau. Daga nan abu ya fara. Hamma ba iyaka, hanci na zuba, zufa ko da safe. Abinci ya ƙi zama. Ya ce ƙasusuwansa kamar ana tauna su. In ya riƙe kofin shayi, sai ka ji cokali yana ƙara a ciki. Mama ta ce Shaiɗan ne yake yaƙin ƙarshe, don ya ga ya rasa mutum, kuma irin wannan ba ya fita sai da azumi. Dama makon azumin coci ne, ba ci ba sha daga safe har sujadar yamma. Yawancin masu aikin ƙarfi ana ɗaga musu ƙafa, fasto ma ya faɗa. Yaya ya ce shi kam sai ya yi, shi ya fi kowa buƙata. Da yamma in an sha ruwa, loma biyu sai amai. Haka yake tashi ya tafi aiki da cikin da babu komai.

A adaidaita na ce masa, "Yaya, bari ni in je wajen oga. Ba sai na ce ƙwaya ba, in ce zazzaɓi."

"Ƙarya za ki yi don ki taimaki Allah?"

"To in faɗi gaskiya."

"In kika je, kin ce abin da ya faru a coci ƙarya ne. Ki bar ni da Ubangijina."

Ya juya yana kallon titi. Hannunsa a matse tsakanin gwiwoyinsa don kar in gani.

Labarin shaidar ya riga ya kai kamfani, akwai 'yan cocinmu a can. Samarin sashen narka roba suka samu abin tsokana. In ya wuce su ce, "Fasto, a sa mu a addu'a." Wani ya ce, "Fasto, ragowar da ka zubar fa, wa ya kwashe? Da ka tuna da talakawa." Yaya ya yi dariya tare da su. Ni kuwa na lura kowa na zuba masa ido, masu so ya faɗi da masu so ya tsaya, kuma duka biyun tura shi suke ya zauna a kan injin.

Akwai wani malam mai shekaru, mutumin Jigawa, shi ke kawo wa Yaya buhunan fasassun robobi. Lokacin hutun azahar, bayan ya idar da salla, ya same ni a bakin famfo.

"'Yata, yayanki lafiya kuwa?"

"Azumi yake, Malam."

"Da sahur?"

"Namu babu sahur."

Ya girgiza kai. "Mu da muke cika ciki da asuba ma, in azumi ya zo cikin zafi, mutum yakan roƙi a canza masa wuri. Ɗazu na ga ya tura kujera, hannun ya bi ta ya wuce inda ya kamata ya tsaya."

Na ce, "Don Allah, Malam, in kun sauke buhu ku ɗan dinga tsayawa kusa da shi."

"Ina tsayawa. Amma buhu ba ya kawo kansa."

Daga ranar aikina ya lalace. Ina ɗaure bokitai, idona na kan bayansa. Rufin kwano ne, zafi yana sauka kamar ana danna ka. In ya sunkuya, sai in daina numfashi har ya ɗago. Addu'ata ba ta da tsari, kalma ɗaya nake ta maimaitawa, Ubangiji hannunsa, Ubangiji hannunsa. Matar da muke aiki tare ta ce ina magana ni kaɗai.

Ana gab da ƙarshen makon, da rana tsaka, aka ɗauke wuta. Wanda bai yi aikin kamfani ba bai san wannan shirun ba. Duk injina su mutu lokaci guda, kunnenka ya ci gaba da ƙara. Ka'idar injin niƙa ɗaya ce, kowane sabon ma'aikaci ita ake fara gaya masa. In wuta ta ɗauke, ka danna jan maɓalli kafin ka taɓa komai, don da janareta ya tashi injin zai ci gaba da kansa. Yaya ya san wannan fiye da kowa, shi yake koya wa wasu.

Bai danna ba. Na gan shi ya tsaya yana kallon bakin injin kamar mai tunani. Wata ƙafar kujera ta maƙale a ciki. Ya sunkuya, ya zura hannu har kafaɗa yana jan ta.

Daga bayan gini na ji janareta ya yi tarinsa na farko.

Na kira shi, bai ji ba. Tsakanina da shi akwai tarin bokitai da mutane. Malam yana tahowa da buhu a ka. Ya saki buhun, ya cafki wuyan rigar Yaya ta baya ya fizgo, suka faɗi tare a kan siminti. Fitilu suka kawo. Injin ya tashi, ya haɗiye ƙafar kujerar, da ƙarar nan tasa ta kullum.

Babu wanda ya yi tsokana. Yaya yana zaune a ƙasa yana kallon hannunsa, yana juya shi gaba da baya. Malam ya miƙe yana kaɗe wandonsa, yana ta salati ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata," Yaya ya ce, "ba ni ruwa."

Na kawo masa ledar ruwa ɗaya. 'Yan cocinmu biyu suna tsaye suna kallo. Ya rufe ido, leɓensa ya motsa kaɗan, ya fasa ledar da haƙori ya shanye. Ya ce in ƙaro.

Oga ya fito daga ofis yana tambayar me ya tara mutane. Yaya ya tashi da kansa, ya gaya masa komai a gaban kowa, ƙwayar da barinta da rawar hannun. Oga ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba. Bai kore shi ba dai, ya mayar da shi fili wajen masu ware tsofaffin robobi kala-kala, aikin da ake ba sababbin zuwa, a rana, ba obataim. Kafin mu tashi an sa wani a kan injin.

A gida Mama ta riga ta ji. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ba ta tafi sujadar yamma ba.

"An ce ka karya azumi."

"Na karya, Mama."

"A gaban mutane."

"A gabansu."

Ta kamo hannun nasa na dama ta riƙe da nata biyu. Yana rawa a ciki, tana ji. Ta fara addu'a, ta gode wa Ubangiji da ya turo Malam, ta tsauta wa Shaiɗan, ta yi ta yi har muryarta ta dishe. Yaya ya amsa kowane amin. Da ta gama ya ce, "Mama, ki ci gaba da yi mini, ina buƙata. Amma gobe Dattijo zai raka ni asibiti."

Mama ta tashi ta dama masa kunu.

Ya je asibitin, yana kan zuwa. Ya sake shan ƙwayar bayan nan, shi ya gaya wa Dattijo da bakinsa, suka durƙusa tare, washegari ya koma asibiti. Mama har yanzu in an tambaye ta cewa take an kuɓutar da shi tun ranar farkaswa, sauran gwaji ne. Dattijo yana cewa ana kan aikin. Yaya ba ya shiga gardamar. Hannayensa biyu suna nan, wasu safiyoyin lafiya, wasu kuma sai ya sa su a aljihu.

Makon jiya yaron da aka sa a kan injin ya bar aiki. Oga ya same shi a fili ya ce ai ya ga ya murmure, ko zai koma wurinsa, da obataim da komai. Yaya ya ce a ba shi lokaci ya yi addu'a a kai. Oga ya ce zuwa Litinin.