Kunnuwan Jikana da Igiyar Zakara

Mu mutanen Salaga ba ma zubar da abu. A gidan da aka haife ni, ganyen da aka kwance daga huhun goro ma ajiye shi ake yi, don gobe zai naɗe wani abin. Na fara da wannan ne saboda autata, wadda nake zaune a wajenta a Yendi tun da gwiwoyina suka ƙi ni, ita ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ga ta fara murguɗa baki. Ki rubuta yadda na faɗa.

Ɗana namiji yana Bawku, yana cinikin tumaki da awaki har tsallaken iyaka. Can ya yi aure. Da matarsa ta zo haihuwar fari, ta koma gidan iyayenta wanka kamar yadda aka saba, ta haifi namiji. Ni da waɗannan ƙafafu ba na iya zaman mota daga Yendi har Bawku, sai hotuna aka riƙa turo mana ta waya. Duk hoton da ya zo, yaro na cikin hula. Hular ulu, an ja ta ƙasa har ta kusa haɗiye kumatu, ba ka ganin komai sai hanci.

Na san aikin wace ce. Uwar matar ɗan nawa, wadda muke kira Hajiyar Bawku, hatsi take sayarwa, kuma bakinta ya fi mudunta faɗi. Tun ranar haihuwa take aiko da murya cewa yaro nasu ne kaf, daga goshi har yatsun ƙafa, wai mahaifinta ne ya dawo. To mu, a zuriyar marigayi maigidana, kunne ne shaidarmu. Kunnuwa masu faɗi, a buɗe, kamar an kafa wa kai faifai biyu. Marigayi in ya tsaya a bakin ƙofa da hantsi rana na bayansa, sai ka ga hasken ya ratsa su sun yi ja. Ɗana ya ɗauko su. Auta ma ta ɗauko, shi ya sa ɗankwalinta ba ya hawa sama.

Na tambayi ɗana ta waya, ya ce, "Mma, ni ban duba ba." Ɗan fari ne, kunyarsa yake ji, ko ɗaukarsa ba ya yi a gaban surukai.

Lokaci ɗaya ne hular nan za ta fita dole, wato safiyar suna, in wanzami ya zo aski. Yana gamawa Hajiya za ta mayar da ita, ta ce sanyin damina. In ban ga kunnuwan nan a lokacin ba, a gaban shaidu, to maganarta ta zauna ke nan, yaro ya zama na Bawku har ya yi gemu.

Na shirya. A waya ba na ganin komai, fuskar mutum ƙwayar gyaɗa take zamar mini. Amma auta tana aiki a ofishin wata makaranta, tana da kwamfutar cinya mai faɗin fuska, da ita muke kiran Bawku in ga mutane kamar suna leƙowa ta taga. Na gayyaci magajiyar unguwa da maƙwabtanmu mata su zo su gani da idonsu. Na sa aka sayo mini zakara, na ɗaure shi a gindin mangwaro, don in an gama a yanka musu.

Ita kuwa kwamfutar ta daɗe tana roƙo. Duk buɗewar da auta za ta yi, sai ta fito da rubutu wai tana son a sabunta ta. Auta ta ce gobe, ta ce jibi. Ana gobe suna sai tausayi ya kama ta, ta ce bari ta ba ta, don ta tashi da ƙarfi ranar da muke bukatarta. Na ce mata ba a sa wa jaki sabon akumari ranar tafiya, ba don wani ya taɓa faɗa ba, sai don na ga abin da ya yi wa bayan jakin babana. Ta ce, "Mma, wannan ba jaki ba ce."

Da safe ta buɗe ta. Kwamfuta ta tashi da sabuwar fuska, shuɗiya, kyakkyawa, kamar yarinyar da ta dawo daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, ta daina gaida mutane. Akwai wata 'yar alama a kusurwar ƙasa mai kama da mafici, ita ke nuna ta kama iskar intanet daga ɗan akwatin da ke kan taga. Mafici ya ɓace.

Auta ta ce ba komai. Ta kashe ta kunna. Muka jira, tana juya ɗan zobenta tana juyawa. Babu mafici. Ta ce wataƙila alamar jirgin sama ce ta kunnu, wadda ke toshe mata kunne. Ta danna ta, ta sake dannawa. Babu. Ta je ta kashe ɗan akwatin taga, ta cire batirinsa ta hura, ta mayar. Wayarta ta kama iska nan take, ita kuwa madam ko a jikinta.

Na ce, "To akwati ba shi da laifi. Ki nemi gafararsa."

Ta ɗauki kwamfutar ta kai ta bakin taga har suna gogar juna da akwatin, ta fita da ita tsakar gida, ta ɗaga ta sama kamar mai nuna wa Allah. Mata sun fara shigowa da sallama, suna shimfiɗa tabarma. Magajiya ta zauna ta ce, "Ina jikan namu?" Na ce yana hanya.

Sai ga kiran ɗana. "Mma, an raɗa suna, an yi addu'a. Wanzami ya iso."

"Ya karya?"

"Wa?"

"Wanzamin. Ka kai masa koko da ƙosai. In ya gama ka tambaye shi labarin iyalinsa, ɗaya bayan ɗaya."

"Mma, mutane suna jira."

"Ni ma mutum ce."

Auta ta kira mai gyara, wani mutum mai ɗan shago kusa da tashar mota, ta buɗe muryar don hannunta ya sami aiki. Ya sa ta shiga nan, ta fita can, ta karanta masa abin da ta gani. Ya ce ya gane, irinta ta uku ke nan a makon. Wai a cikin kwamfutar akwai wani ɗan abu da ke tsakaninta da iska, yana fassara musu magana. Da aka sabunta ta, tsohon bai iya sabon harshen ba, sai an kawo sabo.

Wannan na gane shi sarai. A kasuwar Salaga na ga fatake da kaya cike da rumfa, ga mai saye a tsaye, amma ciniki ya ƙi saboda tafinta ya tafi salla. Na matso kusa da wayar na ce, "Malam, a ina ake samo sabon tafintan?"

"A intanet, Hajiya."

"Intanet ɗin da ba ta ji?"

"Shi fa."

Matan suka yi dariya. Ni ban yi ba, ina ganin wanzami yana kurɓar ƙarshen kokonsa.

Mai gyara ya ce akwai hanya. A haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, waya ta ba ta intanet baki da baki, ba sai ta iska ba. Auta ta ruga ɗaki ta fito da igiya ja mai sheƙi wadda ta saya a kasuwa. Ta soka. Shiru. Ta kawo wata mai launin zinariya. Shiru. Ya ce irin waɗannan wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar magana. Ya ce, "Ina farar da ta zo da wayar a kwali?"

Auta ta dafe kai. "Na yar da ita. Ta tsage a wuya."

A daidai nan zakara ya yi cara daga gindin mangwaro.

Na gyara zama. Na ɗauko goro a haɓar zane, na ɓare, na ba magajiya rabi. Na san lokacina ne ke tafiya, ba na kowa ba. Amma shekara da shekaru yarinyar nan tana bin bayana tana kwashe gwangwanaye da ledoji da murafun kwalba, tana cewa na mai da mata gida juji. Irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu.

Na ce, "Fara, kika ce?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta san muryar.

"Mma, kin tsince ta."

"Ni me zan yi da shara?"

"Mma, don Allah."

"Ki faɗa wa magajiya abin da kike kiran kayana."

Ta dubi matan, ta dubi agogo, ta sunkuyar da kai. "Ba shara ba ne. Ajiya ce."

Magajiya ta ce ita kunnenta ya yi nauyi, a maimaita. Auta ta maimaita. Sai na nuna mata gindin mangwaro da leɓe.

Igiyar tana ƙafar zakara. Ta yi kyau wurin ɗauri, ba ta cin fata, kuma ba ya iya tsinka ta da baki. Auta na kwance ƙullin farko ya fizge, ya bi ta kan tabarma, ya taka kwanon goron magajiya, ya haye katanga. Ba wanda ya bi shi. Ta goge igiyar da tsumma, tana kau da hanci, ta soka.

Abu ya kama, ya saki. Ya kama, ya saki. Sai ta lura in an lanƙwasa wuyan nan da ya tsage aka matse, yana tsayawa. Ta ce wa mai gyara tafintansa ya jira zuwa anjima, tunda kwamfuta ta sami intanet ta igiya, kira za mu yi yanzu. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin. "Ki matse nan da yatsu biyu, ɗaya hannun ki riƙe wayar kada ta motsa. Kada ki saki, Mma, ko me aka ce miki."

Ni kuwa magana da hannu nake yin ta. Tun ina yarinya in aka riƙe mini hannu labari ya tsaya.

Fuskar Hajiyar Bawku ta cika allo, da gwal ɗin haƙorinta.

"Hajiya, barka da arziki," in ji ni.

"Barkanmu dai, Hajiya. Mun ɗauka ba za ku iso ba. An ce na'urarku ta yi sabon kaya ta daina magana da talakawa."

"Ta ji za ta ga Bawku ne, take jan ƙafa."

Na ɗaga hannu in nuna yadda take jan ƙafar, sai Hajiya ta daskare a allo, ido ɗaya a rufe. Auta ta ce, "Mma, hannu." Na mayar. Aka sake kira.

Wanzami ya riga ya zauna, ƙoshi ya sa shi nauyi, yana wasa askarsa a tafin hannu. Hajiya ta karɓi yaro ta ɗora a cinya. Ta zare hular a hankali, amma kafin ta fita ta riga ta tallabe kan da tafukanta biyu, ɗaya a kowane gefe. Wai don kada ya motsa.

"Kin ga goshin?" ta ce. "Na babana."

"Na gani. Allah ya raya."

"Hancin ma."

"Hanci kowa na da shi."

Ƙaiƙayi ya kama ni a bayan wuya, na ce wa magajiya ta sosa mini, ta sosa inda ba nan ba. Wanzami ya aske tsakiya, ya aske gaba, gashin yana sauka a ƙwarya. Ya gangaro gefe, ya tsaya.

"Hajiya, ɗan janye hannun nan, aska na son wuri."

Ta janye yatsa ɗaya.

"Duka, Hajiya. Kada in yanke ki."

Ta janye. Ya juya kan yaron wajen haske, daidai inda ɗana ke tsaye da wayarsa. Kunne ya miƙe daga inda aka danne shi, ya buɗe a hankali kamar ganyen ayaba, hasken ƙofa ya ratsa shi ya yi ja.

Ban san sa'ad da na saki ba. Hannuna biyu suka tafi allon. "Ga maigidana nan," na ce.

Hoto ya tsaya cik. Kunne a tsakiya, ya cika rabin allo, ga Hajiya a gefe ta buɗe baki za ta yi magana, maganar ba ta fito ba.

Auta ta kai hannu za ta gyara igiya. Na ce ta dakata, ba sauri muke ba, magajiya ba ta gani da kyau daga nesa. Magajiya ta taso ta sa tabarau ta duba, ta ce ita ta san marigayi, ba ta da abin cewa. Matan suka zo ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce auta ta ɗaga ɗankwali a gwada, auta ta ce tuwo na kan wuta.

Da la'asar auta ta zauna ita kaɗai ta matse wuyan igiyar da nata yatsun, ta sauko da sabon tafinta, ta kashe ta kunna, mafici ya dawo kusurwarsa kamar bai je ko'ina ba. Zakara bai dawo ba sai da ya ga an wanke tukwane. Matan sun ci tuwo da miyar kuka ba nama, ba wadda ta yi ƙorafi a gabana. Igiyar na karɓe abina, tana cikin langata.

Washegari Hajiyar Bawku ta aiko da murya mai tsawo. Wai ai mahaifinta ma irin kunnuwansa ke nan, rawani ne ya ɓoye su, shi ya sa mutane ba su sani ba. Na ce wa auta ta danna mini wurin amsawa. Na ce Allah ya jiƙansa, shi da rawaninsa.