Dokin da Aka Bari a Ƙasar Aljanu

Ranar Talata, biyar ga Maris na 2024, ina jiran motar Babura a tashar Kazaure, na gan shi a rumfar mai tura littattafan saurare a waya.

Dattijo ne dogo, da malafa da sandar kiwo, amma takalminsa tas, babu ƙurar jeji. Yana riƙe da ƙaramar waya da hannu biyu. Labarai biyu ya gama ji. Na fatalwa, in ji shi, bai ba shi tsoro ba. Na yaƙin aljanu ne ya dame shi.

"Ɗana, jarumin ya dawo gida lafiya. To, dokin da ya ɗaure a gindin dutse fa? Wa ya kwance shi?"

"Baba, labari ya ƙare," in ji mai rumfar yana dariya. "In tura maka wani?"

"A'a. Wurin da ya bar shi fa babu ruwa."

Ina zaton ya taɓa mallakar garke, kuma ba da son ransa ya rabu da shi ba.

Daga baya na bincika. Sunansa Daudu, gadi yake yi a Roni. Ya dawo sau ɗaya ya tambaya ko an fitar da ci gaba. Ba a fitar ba. Ya rasu da damina.