Yadda Umma Take Ƙirga 'Ya'yanta

Ciwon cikin ya fara ne a zangon farko na shigata ƙaramar sakandare. Da safe yake kama ni, daidai lokacin da nake sa takalmi, ya murɗa ƙasan cibiyata har sai na durƙusa a bakin rijiya. Kafin azahar ya tafi kamar ba a yi ba. An ba ni maganin tsutsa, an ba ni na gyambon ciki, an ɗebi jinina sau biyu. Likitan ƙarshe ya juya takardun gaba da baya, ya ce wa Baba cikina lafiya lau yake, amma akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda inda masana halayyar yara suke zama da yaro da iyayensa, mu gwada can. Baba ya ce 'yarsa ba ta da taɓin hankali. Likitan ya ce shi ma bai ce tana da shi ba.

A lokacin maganar Gwaggo ta riga ta taso. Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a unguwar Limawa, 'ya'yanta duk sun yi aure. Sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa Baba yake ce mini Mamana, kuma tun ranar sunana Gwaggo take cewa a ba ta ni riƙo. Shekara goma sha ɗaya Baba yana ce mata sai na ƙara girma. Da ciwon ya ƙi ƙarewa sai ta samu hujja. Ta ce hayaniyar ƙannena ce da aikin gida suka sa ni a gaba, a kawo mata ni ta ga ko ciwon zai bi ni Limawa. Baba ya gaji. Ya ce abin da mutanen asibiti suka faɗa, shi za a yi.

Ba a tambaye ni ba, kuma ko a gida ba ni da yawan magana.

Ɗakin ƙarami ne. Kujerun roba biyar, tabarma da kwandon kayan wasa, fanka mai ƙara duk sanda ta juyo hagu. Wadda ta karɓe mu matashiya ce mai farin gilashi, ta ce mu kira ta Anti. Ta bayyana wa Baba cewa ita tana kan koyon aikin ne, akwai babbar malama da take duba duk abin da ta yi, wani lokaci ma za ta shigo ta zauna da mu. Hausarta irin ta cikin garin Minna ce, takan ce wa mace “ya zo”. Na lura murfin bironta duk ta tattaune shi.

Ta ɗauko farar takarda ta ce za ta zana gidanmu. Namiji akwati, mace da'ira. Ta zana Baba, ta zana Umma, ta haɗa su da layi. Sannan ta tambayi Umma 'ya'yanta nawa.

Umma ta ce alhamdu lillahi. Ta faɗi ƙanena mai bi na, ta faɗi na bayansa, ta taɓa ƙafar ta goye.

Anti ta nuna ni da biro. “Hajiya, wannan fa?”

Umma ta dubi fanka. “Ta Gwaggonta ce.”

Baba ya yi dariya ya ce a'a, Mamansa ce, tasu ce su biyu. Anti ba ta yi dariya ba. Ta zana da'irata a gefen takardar, can wajen kusurwa, ba ta ja mata layi zuwa kowa ba. Ta sa ƙaramar alamar tambaya a kanta.

Ni ban ga abin mamaki a amsar Umma ba. Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” take cewa, ko ta ce wa ƙanena “kira waccan”. Ba ta zama kusa da ni a gidan biki, ba ta yaba mini a gaban mutane, in aka tambaye ta ni sai ta sauya magana. Haka uwar ƙawata take yi wa yayansu, haka kakata ta yi wa kawuna babba. A wurina abin kamar launin ƙofar gidanmu ne, ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai da na ga baƙuwa tana dubansa.

Zama na biyu Gwaggo ta biyo mu, ta ce ita ma uwa ce. Anti ta jera kujeru biyu suna fuskantar juna, ta sa ni a ɗaya, Umma a ɗaya. Ta roƙi Umma ta dube ni, ta kira sunana, ta faɗi abu guda da take so game da ni.

Umma ta ja mayafinta gaba. Ta gyara goyon da ba ya buƙatar gyara. Na ƙirga juyin fanka har goma sha huɗu. Akwai wata jijiya a gefen wuyan Umma da nake gani tana motsi in ranta ya ɓaci, ranar tana motsi, amma fuskarta ba ta nuna komai ba.

Gwaggo ta ce, “Ke 'yar nan, matar tamu za ki sa ta kira sunan uwarmu? Ai sai ki kwana nan.”

Anti ta yi murmushi irin na wanda bai gane ba amma ba ya son a sani. Ta yi rubutu mai tsawo. Daga ƙarshe ta ce wa Baba, tana zaɓen kalmomi, wani lokaci ciwon yaro daga damuwa yake zuwa, kuma yarinya tana buƙatar wurin da za a ja ta a jiki. Ba ta ce a kai ni ko'ina ba. Amma Gwaggo “wuri” ta ji. A cikin keke, tun daga asibiti har unguwarmu Barkin Sale, maganar katifar da za ta sa mini take yi, da tagar da take kallon bishiyar mangwaro.

Kafin mu fita Anti ta ba ni littafi mai bango shuɗi. Ta ce kullum in rubuta abin da ya faru da safe, daga tashina har in shiga aji, in kuma sa alama ranar da cikin ya yi ciwo. Ta ce kada in bar komai don ina ganin ƙarami ne. Wannan aikin bai yi mini wuya ba. Abin da nake yi ke nan dama, sai dai ban taɓa rubutawa ba.

A makon nan Umma ta wanke kayana duka, har waɗanda ba su yi datti ba. Ta goge su ta jera a jaka, ta ajiye jakar a bayan ƙofa. Ba ta yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Na rubuta a littafin.

Na rubuta sauran abubuwan ma. Cewa ruwan wankana kullum yana da ɗumi, na ƙannena kuwa yadda aka samu. Cewa in an yi dafa-duka, ƙanzon yana jirana a ƙarƙashin faranti a kan tukunya, kuma babu wanda ya taɓa cewa nawa ne, amma in ƙanena ya kai hannu sai Umma ta yi gyaran murya. Cewa ranar da na durƙusa a bakin rijiya takan aiko shi da kofin ruwan zafi da citta, ta ce “kai wa waccan”. Cewa in na fita, tana tsayawa a bayan ƙyauren gida, ta wajen tsagar da ke kusa da sakata, har keken da ke kai ni makaranta ya sha kwana. Ba na ganin fuskarta. Yatsun ƙafarta nake gani ta ƙasan ƙyaure, da jan lalle.

Mako biyu na yi ina rubutu.

A zama na uku aka fara shigar da ni ni kaɗai. Babbar malamar tana zaune a kusurwa, dattijuwa ce mutuniyar Bida, da carbi naɗe a wuyan hannu. Ta amsa gaisuwata ta ce in yi kamar ba ta nan. Anti ta karɓi littafin ta fara karantawa da sauri, sai ta rage sauri, sai ta koma shafin farko. Ta ciro biro tana bin alamomin ciwon. Huɗu ne. Litinin, Alhamis, Litinin, Alhamis.

Ta tambaye ni me ake yi ran Litinin da Alhamis.

Na gaya mata. Ranakun ne malamin Turanci yake bin rajista yana ta da mutum ya yi karatu a gaban aji. Muryata ba ta kai layi na uku. Ranar farko da ya ta da ni ya ce in ƙara murya, na ƙara, ya sake cewa in ƙara, sai 'yan aji suka ɗauka suna maimaitawa tare kamar waƙa. Tun daga ranar, ko ba layina ba ne, in na tuna zai buɗe rajista sai cikina ya ɗaure. Ban san na san wannan ba sai da na ji ina faɗa.

Anti ta daɗe tana kallon shafin da na rubuta maganar ƙyaure. Dattijuwar ta miƙa hannu, Anti ta ba ta littafin. Ta karanta ba gaggawa, ta rufe.

Ta tambayi Anti, “Ita ce ta nawa a ɗakin?”

“Ta fari.”

“Sunan wa ta ci?”

Anti ta duba takardunta. Ba ta taɓa tambayar wannan ba. Ni na amsa, na ce na kakata ta wajen uba.

Dattijuwar ta ce to. Ba ta ƙara komai ba sai cewa ita ma 'yar fari ce. Anti ta cire gilashinta ta goge da gefen gyale. Ta ce ta taɓa jin abin, amma ta ɗauka sai tsofaffi a ƙauye. A littattafan da suka karanta, in uwa ba ta kallon ɗa, ba ta kiran sunansa, alama ce da ake sa wa ido. Dattijuwar ta ce littattafan ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a Barkin Sale aka rubuta su ba, kuma alama tambaya take sa a yi.

Sai Anti ta juyo ta yi mini tambayar da ba a yi mini ba. Ta ce ni a ina nake son zama.

Na ce gidanmu.

Ta nemi izinina ta karanta wa iyayena wani abu daga littafin. Na ce ta karanta na ranakun, ban da sauran. In Umma ta san ina ganin ƙafarta, za ta daina tsayawa.

Aka kira su, har da Gwaggo da ta sake biyo mu. Anti ta fara da Umma. Ta ce, “Hajiya, rannan na sa ki abin da bai kamata ba. Ban tambaya ba na yanke. Ki yi haƙuri.” Umma ta ce ba komai, tana kallon tabarma. Sannan Anti ta nuna wa Baba alamomin guda huɗu ta yi masa bayanin ajin Turanci. Ta ce ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira nake yi ba, amma daga makaranta yake tasowa, kuma ko an kai ni Limawa, Litinin da Alhamis za su bi ni can. Ta ce ita ba ta ga dalilin raba ni da gida ba, ni ma na ce gida nake so.

Gwaggo ta dube ni. “Uwata, ashe kina da baki? Ni da na sa aka ɗinke miki katifa.”

Baba ya ce katifar ba za ta lalace ba, akwai hutu. Gwaggo ta ce dama shi tun yana yaro haka yake, a ba shi aron abu ya ce nasa ne. Ta yi tsaki, amma ta miƙo mini alewar da take ɓoyewa a jaka saboda jikoki.

Anti ta ciro takardar zanen gidanmu. Da'irata tana nan a kusurwa da alamar tambayarta. Ta ɗora takardar a kan kujerar da ke gaban Umma. Wannan karon ba ta ce a faɗi komai ba. Ta ce tana son ta gyara zanen, a nuna mata inda za ta sa.

Umma ta dubi takardar. Sannan ta fito da hannu daga mayafi, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin da ya haɗa ta da Baba, gaban akwatin ƙanena, inda babu fili sosai. Ta janye hannun. Anti ta matsa da'irar a wurin, ƙarama, ta ja mata layi.

Na ci gaba da zuwa har ƙarshen zango na biyu, yawanci da Baba. Aikin ba shi da ban sha'awa. Na yi karatu ga kujerun roba babu kowa a kansu, sannan ga Anti tana ba ni baya, sannan ga ita da dattijuwar da wata ma'aikaciya da aka kira daga baranda. An koya mini yadda zan ja numfashi kafin in miƙe. Anti ta rubuta wa makaranta takarda, malamin ya riƙa gaya mini tun ana gobe sakin layin da zan karanta. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba. Ya riƙa tsallake Alhamis, daga baya ya tsallake mako. Har yanzu muryata ba ta kai layin baya, amma ana ji a tsakiya.

Bayan zama na ukun nan, jakar ta ƙara kwana biyu a bayan ƙofa. Rana ta uku na dawo daga makaranta na tarar kayan sun koma cikin akwatina. Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanena ya gaya wa waccan abincinta yana kan tukunya.