Tabarmar Kifi a Randar Hajo

Duk wanda ya san Tabkin Gamji, can yamma da Dayi, ya san Malam Rabe, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Dogo ne siriri, ƙafafunsa sun yi fari-fari saboda daɗewa cikin ruwa. Masunci ne ɗan masunci a ƙasar da kowa manomi ne, don haka tun yana saurayi ya saba da zama shi kaɗai. In ana hirar taki da farashin masara a gindin bishiya, sai dai ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Abin da ya sani kuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wata ciyawa ce da ke zaune ƙarƙashin ruwa, mahaifinsa yana kiranta tabarmar kifi. Mutanen gari ba su ba ta suna ba. Wasu su ce gansakuka, wasu su ce dattin tabki, shi kuwa wannan magana tana ƙona masa rai. Gansakuka ba ta da saiwa. Kainuwa a sama take yawo, bado kuma yana shimfiɗa ganyensa kowa ya gani. Ita tabarmar kifi saiwarta na cikin laka, tana rarrafe tana fid da sababbin rassa. Karanta siriri ne kamar zare, ganyenta dogo mai lanƙwasa a baki, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga haske ta cikinsa. Sau ɗaya kawai take leƙowa a shekara, wajen ƙarshen damina, ta turo ɗan tsinken fure da bai fi ashana ba, ya yi 'yan kwanaki ya koma. In ka fitar da ita tudu, kafin ka ci tuwo ka wanke hannu ta yi yaushi, don ruwan ne ke riƙe da ita.

A cikinta 'ya'yan karfasa ke ɓuya har su yi ƙarfi. Inda take, ruwa garau yake. Rabe ya yi yawon su da gora da koma tun yana da ƙarfinsa, ya san inda take da inda ba ta. Ya ganta a wani tabki bayan Musawa, ya ga kaɗan a wani kududdufi na wajen Matazu kafin shanu su dame shi. Wajen Funtua ya neme ta a rafuka bai samu ba, ruwan ya cika gudu da ja. A lissafinsa iyakar duniyarta ke nan.

Mutum ɗaya ke saurarensa, matarsa Hajo. Ba don ciyawar ta dame ta ba. Takan ce, "Malam, ni dai kifin nake so, tabarmar ka riƙe abinka." Amma in ya dawo ya ce fure ya fito, sai ta ajiye muciya ta tambaye shi ko ya fi na bara yawa. Shekara talatin da shida suna haka. Da ta rasu, ɗansu yana Legas, 'yarsu Naja'atu tana aure a Funtua, gidan ya zama daga shi sai randar Hajo da kaji uku.

Shekara biyu bayan rasuwar, wata malamar jami'a mai suna Bushra ta zo tabkin da kwalabe tana ɗibar ruwa. Aka nuna mata Rabe, aka ce ga mai maganar ciyawa, ana dariya. Ya shiga ruwa har ƙugu ya ciro mata reshe ɗaya. Ta duba ta sake dubawa, ta buɗe waya ta nuna masa hoto.

"Baba, ka ga 'yar'uwarta. Wannan a ƙasar da ruwa ke daskarewa aka ɗauka. Danginta suna Masar, suna Indiya, suna ƙasashen Turawa."

"To, wa ya kai ta can? Ita da ko tudu ba ta iya hawa?"

"Agwagin ruwa. Su ci 'ya'yanta a wani tabki, su tashi, su sauke a wani."

Rabe ya ƙura wa hoton ido. Ashe abin da ake yi masa dariya a kai yana da dangi har bangon duniya. Ranar ya koma gida da sauri, maganar tana cin bakinsa, sai da ya kai ƙofa ya tuna babu wanda zai faɗa wa. Malamar ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba, kuma bai riƙe ta a zuci ba.

Sai noman rani ya kama bakin tabkin. Tumatir da albasa suka kewaye shi, injunan ban ruwa suka yi layi. Tabarmar kifi ta riƙa shiga bakin mesa tana toshewa, mutum ya bar aikinsa ya zo yana zaƙulo ganye yana tsaki. Shitu, shugaban manoman, mutumin kirki ne, amma injinsa ya ƙone sau biyu. Ya kira gayya.

Rabe ya same shi tun kafin ranar. "Shitu, ku ɗaura raga a bakin mesa mana. Ku bar mata ko gefen gabas. In kun kwashe ta, ruwan nan zai dame, kifi ya ƙare."

"Malam Rabe, mu arba'in ne, kai ɗaya. Mi za mu ce wa iyali, mun bar albasa ta bushe don ciyawa?"

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, balle Rabe ko ƙarfin ba shi da shi. Aka yi gayya kwana biyu, da manjagara da igiya da waƙa, aka dafa shinkafa da wake. Aka tara ciyawar tsibi-tsibi a tudu, kafin la'asar ta zama kamar busasshiyar rama. Rabe bai yi faɗa da kowa ba. Ya shiga ta gefen gabas ya yanko saiwa da lakarta cikin ƙwarya, ya kai gida. Ba shi da wani mazubi mai faɗin baki sai randar Hajo. Ya jawo ta daga rumfa zuwa gindin darbejiya inda rana ke ɗan taɓawa, ya zuba laka, ya dasa, ya cika da ruwan tabki. Shi kuma ya koma shan ruwa a jarka.

Abin da ya faɗa bai ɓata lokaci ba. Ruwan ya koma kalar kunu, karfasa ta yi wuya, Rabe yakan wuni ya dawo da tarwaɗa biyu. Ba wanda ya zo ya ce masa ka yi gaskiya. Ya je Musawa a kan babur ɗin haya don ya ƙaro iri, ya tarar an cike tabkin an yi bulo a wurin. Na Matazu ya daɗe da ƙafewa. Abin da ke cikin randa shi ne ya rage a duk inda ƙafarsa ta sani. Niyyarsa ya riƙe ta har ruwan sama ya sauka ya mayar da ita. Kullum da safe sai ya leƙa, ya ƙara ruwa, wani lokaci har ya yi mata magana, abin da da kansa yake jin kunya.

Ana tsakiyar bazara Naja'atu ta zo ganinsa ba tare da ta aiko ba. Ranar kasuwa ce, ya tafi sayar da ɗan kifinsa. Ta shiga ta ga tsakar gida ba shara, ta leƙa randar mahaifiyarta ta ga kore cunkus, da laka a ƙasa. Sai ta zauna ta yi kuka. A ganinta tsohon ya lalace har yana shan wannan, su kuwa suna can suna shan ruwan leda. Wace 'ya ce za ta ga randar uwarta haka ta bari? Ta ɗaure zani, ta kwashe komai ta watsar bayan katanga, ta goge randar da toka da soso, ta turara ta, ta mayar rumfa, ta cika da ruwan rijiya. Garin neman gira aka rasa ido.

Da ya dawo ta tarbe shi da moɗa, fuskarta cike da jin daɗi. "Baba, sha ka ji. Kamar lokacin Inna."

Ya dubi gindin darbejiya, ya ga zagayen da randa ta bari a ƙasa. Ya fahimta. Ya karɓi moɗar da hannu biyu ya shanye, ruwan sanyi ƙalau da ƙamshin turare.

"Allah shi yi maki albarka," in ji shi.

Bai faɗa mata ba. Ta kwana biyu ta tafi tana murna ta gyara wa Baba gida. Amma tun ranar farko ya zagaya bayan katanga, ya tarar ganyen ya bushe ƙayau, kaji sun tona. Ya tsugunna ya tattara busasshiyar lakar da tafin hannu. A ciki ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri, guda biyar, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Bai san ko da rai a jikinsu ba. Ya ƙulle a tsumma ya jiƙa, da aka yi ruwan farko ya kai gefen gabas, nesa da layin injuna, ya tura su cikin laka da yatsa.

Daga nan kowace safiya sai a gan shi tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya sunkuya yana lalube, ba koma ba gora. Masu wucewa suka ce tsufa ya fara taɓa Malam Rabe. Wata guda, wata biyu, hannunsa ba ya taɓa komai sai laka.

Wata safiya cikin watan takwas, wani abu mai santsi ya gifta tsakanin yatsunsa. Ya tsaya cak. Ya bi shi a hankali har ƙasa, ya ji zare ne, da ganye huɗu masu lanƙwasa a baki. Bai ciro ba. Murna ta cika masa ƙirji har ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya miƙe yana waige-waigen wanda zai faɗa wa. Mutum ɗaya ne a bakin tabkin, Shitu, yana wanke manjagara.

"Malam Rabe, an samu wani abu ne?"

Rabe ya dubi manjagarar. Ya matsa kaɗan ya tsaya tsakanin Shitu da wurin.

"Babu komai," ya ce. "Laka ce."