Sandar Ovide

A garinmu na masu haƙar ma'adinai, can arewacin Quebec a ƙasar Kanada, ba wanda bai san bakin Ovide Lachapelle ba. Haƙoransa na gaba duk sun zube a filin hoki, wasan sanda da ake bugawa a kan ƙanƙara, tun yana saurayi, amma bakin bai taɓa hutawa ba. Ya yi shekaru yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi wasa ana biyansa, lokacin da ba a sa hular kwano, sanda kuwa ta katako ce. Aikinsa tsare baya da dambe. Duk wanda ya taɓa gwanin ƙungiyarsu a kan ƙanƙara, Ovide ne ke zuwa yi masa gaisuwa.

Da ƙarfi ya ƙare ya dawo gida ya kama tuƙin motar kwashe dusar ƙanƙara, ya kuma kama zagin wasan zamani. In ana kallo a talabijin sai ka ji shi:

"Ku dube su don Allah! Sun rufe kai kamar masu babur. A taɓa mutum kaɗan, sai alƙali ya busa. Gudu kawai, gudu kawai, kamar an koro su!"

Ni kuwa ba na raga masa. "Haba Baba Ovide, yaran nan sun fi ku iya wasa. Ku dai kun iya fasa kai."

"Rufe min baki, ɗan zamani. Sandarka ma ba ta kai nauyin cokali ba."

Haushinsa nake ji, wallahi, amma ranar da bai zo ba filin ba ya daɗi.

Duk safiyar Lahadi mu manya muna haɗuwa mu buga namu. Al'adarmu wajen raba ƙungiya ita ce kowa ya jefa sandarsa a tsakiyar fili, mutum ɗaya ya durƙusa ya rufe ido yana wurga su, ɗaya dama ɗaya hagu. Inda sandarka ta faɗa, nan ne gefenka. Namu duk na zamani ne marasa nauyi, masu kama da juna. Tasa kaɗai ce ta katako, ya naɗe mariƙinta da baƙin salatif har ya yi dunƙule.

Dukan da ya sha a ka bai tafi a banza ba. Ya fara manta inda ya ajiye mota, daga baya ya fara manta sunayenmu, kowa ya koma "kai yaro". Likita ya ce ya bar ƙanƙara, faɗuwa ɗaya ta isa. Matarsa Ghislaine ta san in an raba shi da filin an gama da shi, sai ta yi masa sharaɗi a gabanmu:

"Ovide, zan bar ka. Amma ranar da ka kasa gane sandarka, ranar zan ɗauke takalman wasan."

Ya yi dariya har dasashinsa ya bayyana. "Ko a cikin duhu zan gane ta, uwargida mai doka."

Daga nan kullum tana zaune a benci da kofin shayinta, tana kallo.

Wata Lahadi aka wurga sanduna, kowa ya nufi tasa. Ovide ya zo ya tsaya a kansu. Ta katakon tana nan dab da ƙafarsa. Ya dube ta, ya wuce, ya sunkuya ya ɗauki tawa. Ya jijjiga ta a hannu yana murmushi.

"Yau kuma ba ta da nauyi," in ji shi.

Na yi maza na ɗauki tasa na juya wa benci baya, sauran ma kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Amma Ghislaine ta riga ta ajiye kofinta. Ta bar shi ya buga wasan har ƙarshe. Ya ma jefa ƙwallo ɗaya a raga da sandar da ya yi shekaru yana zagi, muka yi ta buga sandunanmu a ƙanƙara don girmama shi. Da aka tashi ita ta kwance masa takalman da hannunta, ta sa a jakarta. Ni dai na shige banɗaki na yi kukana.

Har yanzu tana kawo shi duk Lahadi, su zauna tare a benci. Sandar tana wurina, kuma kullum sai na jefa ta cikin sauran. Gefen da ta faɗa wa suna wasa da ragin mutum ɗaya, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Makon jiya na jingine ta kusa da shi. Ya shafa mariƙin, ya ɗaga ta ya ji nauyinta.

"Kai yaro, ta wane ne wannan?"

"Ta wani dattijo ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To ka gaishe shi. Mai wannan ya san hoki."