Inda Ruwa Ya Buɗe

Wata shida Kaka ta zo yi a Greensboro, ta taya Mama jegon ƙanena Sani ta koma Gaya. Sani ya yi rarrafe, ya yi tafiya, har ya shiga makaranta, jakar Kaka tana nan ɗaure a bayan ƙofar ɗakinmu. Ba za ta iya tafiyar ita kaɗai ba, Baba kuma ya rantse shi zai kai ta da ƙafarsa. Da farko takardunsa ake jira. Da suka fito, sai aka ce babu hutu a siton da yake aiki a Wendover. Kullum maganar ɗaya ce: "Baɗi, Inna, in Allah ya yarda."

Lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai ta kunna hita a falo ta miƙe ƙafa. Ta raina hitar nan ƙwarai, wai wace irin wuta ce ba toka ba hayaƙi, amma wa ya isa ya raba ta da ita. Takan jera mu a kan darduma, ni Rakiya a gaba Sani a baya, ta ce, "Ku zauna tsakiya, kada ku kifar mini da jirgi." Da mun ji haka mun san labari ya taso.

Kaka ta san ruwa. Da ƙuruciyarta ta yi shekaru cikin kwalekwale tare da kakanmu, suna fataucin banda a tafkin Chadi, ta hanyoyin da mutane suka sare cikin ciyawa. Jirgin dogo ne siriri, da rumfar zana a tsakiya. A ciki take girki, cikin kaskon da aka zuba wa yashi don kada wuta ta ci katako, a ciki kuma ta goyi Baba. Kakanmu yana tura jirgi da gora, ita tana kwarfe ruwa da ƙwarya safe da yamma. Ta ce abin da baƙo ba ya ganewa shi ne tsawon jirgi ya fi faɗin hanya. In ka shiga babu juyawa sai inda ruwa ya buɗe, wuraren kuwa ba su da yawa.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta wani masunci ce da ya ɗauko tsohuwarsa ta taya shi ƙyafe kifi na kwana bakwai. Da suka kai buɗin farko, ta ce ya juya, ta bar awakinta ba mai kula. Ya ce kifin gaba ya fi ƙiba. A buɗi na biyu ya ce jirgi ya yi nauyi, sai an sauke kaya. A na uku tsohuwa ta ɗago kai daga ƙwarya ta dube shi, shi kuma ya kau da ido. A nan Kaka take tsayawa. Sani ya yi tambaya da Turanci, ta ce, "Da Hausa, ko in yi kwanciyata." Ya lallaɓa ya ce, "Sun juya?" Ta ce, "Ina na sani? Suna can dai suna tafiya." Ni da wautata ban taɓa gane wa ake nufi ba.

Wata yamma Baba ya dawo aiki tana tsakiyar labarin. Ya zube a kujera yana kwance igiyar takalmi, har ta kai buɗi na uku.

"Inna, ai na ji," in ji shi.

"Da yara nake, Isa."

"Ki bari Rakiya ta gama karatun lakwal na bana, sai mu..."

"Na ce da yara nake."

Ya jingina da kujera. Barci ya kwashe shi da takalmi ɗaya a ƙafa, Kaka ta rarrafa ta cire masa, ta juya hitar wajensa.

A shekara ta tara ta rasu, aka rufe ta a jar ƙasar garin nan. Da muka kwance jakar, muka tarar da atamfofin ƙannenta da takalman jikokin da tuni suka girme su. Baba ne ya kai jakar Gaya da kansa. Hutun da aka ce babu, mako biyu suka ba shi ba gardama. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, har sai da ni ma na fara aiki na haihu, na san yadda shekara take wucewa mutum yana ta kwarfe ruwa, bai ko ɗaga kai ba.

Yanzu Baba ya tsufa, gwiwa ta hana shi doguwar tafiya shi kaɗai. Kwanan baya na dawo daga asibitin da nake aiki, ko takalmi ban cire ba, ya ce, "Rakiya, yaushe za ki kai ni Gaya?" Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Baɗi, Baba, in Allah ya yarda."

Ya ɗago kai ya dube ni, ni kuma na kau da ido.