Muhandisa Sawsan Jibirin, Wadda Ta Hana a Goge Muryoyin Matattu

A shekarar 1980 aka haifi Sawsan a Hillat Audi, wani ƙauyen Hausawa kusa da Wad Haddad cikin yankin Jazira na ƙasar Sudan. Mahaifinta Malam Jibirin manomin auduga ne, mahaifiyarta Ma'u kuwa kisra, wato wainar dawa, take toyawa a bakin kasuwa.

Karatu da Aure

Ta yi firamare a ƙauyensu, ta yi sakandare a Hasahisa, sannan ta karanci ilimin kwamfuta a Madani, ta kammala a 2003 ta zama muhandisa, wato injiniya. A 2006 aka ɗaura aurenta da Ustaz Abdussalami, malamin makaranta.

Aiki

A 2016 ƙungiyar ƙauyukan Hausawa ta ƙudurta gina rumbun kwamfutoci mallakin kanta, irin wanda masana ke kira girgije, domin adana shaidar mutanenta. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya je neman lambar ɗan ƙasa sai a ce ya tabbatar a nan aka haifi kakansa, shaidar nan kuwa ba a takarda take ba, a bakin tsofaffi take.

Aka ɗora wa Sawsan rarraba ayyukan rumbun gwargwadon yadda kowanne zai girma, domin a san yawan injin da za a girka. Ta kasa su uku: masu ƙaruwa sannu a hankali kamar rajistar haihuwa, masu kumbura da kaka su sace kamar awon auduga, sai kuma muryoyin tsofaffi da ake naɗa, waɗanda ta rubuta cewa girmansu ba ya da birki.

Wani kamfani da aka ɗauko daga Khartoum ya yi wa wannan hukunci dariya. Hujjarsa, wai tsofaffi ƙarewa suke yi, saboda haka a ba muryoyi ɗan lungu, in ya cika inji ya goge mafi daɗewa da kansa. Ji wani shirme! Ba su san tsohuwarmu ba ta ba da shaida ita kaɗai ba. Sai ta aika a kira ƙanwarta da maƙwabciyarta su gyara mata, murya ɗaya ta haifi biyar.

A zaman kwamiti na Maris 2017 Sawsan ta miƙe ta ce, "Ya jama'a, mafi daɗewar nan su ne waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wa zai tono su ya sake naɗa? Wallahi ba ni sa hannu." Aka sauke ta daga aikin. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma janye ko harafi ba. Cikin wata bakwai lungun ya kusa cika, kwamiti ya biyo ta har gida yana sosa ƙeya, ita kuwa ta ce ba ta komawa sai an kashe dokar gogewar an ninka wurin sau shida. Haka aka yi.

Shekarun Yaƙi

A Disamba 2023, da yaƙi ya iso Madani, inda rumbun yake, ta kwance faya-fayen ajiya ta cusa su cikin buhunan dawa, ta hau lori da iyalinta zuwa Rusairis, inda ta sake tayar da rumbun a ɗakin wata makaranta. Dubban mutanen da takardunsu suka ƙone suka yi ta zuwa, wasu neman muryar iyayensu, wasu ba da tasu. Wurin da aka ce ta yi almubazzaranci da shi ya ɗauke su duka.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar 9 ga Yuli, 2025, bayan kwana uku tana fama da amai da gudawa. Aka sallace ta bayan la'asar, aka binne ta a Rusairis, nesa da ƙauyen da ta yi wa wahala. Har ta koma ga Mahaliccinta ba a goge ko murya ɗaya ba.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Ibrahim, Abrar da auta Ruqaya. Takardar haihuwar Ruqaya ta ƙone a Madani, kuma da shaidar ungozomar da ta yanke mata cibiya, wadda ke naɗe a rumbun, aka karɓe ta makaranta, shekara bakwai bayan an binne ungozomar. Allah Ya jiƙan Muhandisa, Ya sa ta huta.